Ƙishirwa a gidan Herron: Abin da cutar numfashi ta tona a gidajen kula da tsofaffi

Ranar Lahadi, 29 ga Maris, 2020, jami'an hukumar lafiya ta yammacin birnin Montreal da ke ƙasar Kanada suka shiga wani gidan kula da tsofaffi mai suna Herron, a unguwar Dorval, kusa da babban filin jirgin saman birnin. An sanar da su cewa cutar korona ta ɓulla a gidan, kuma ma'aikata sun yi ƙaranci. Da suka isa, ma'aikata uku kacal suka tarar, ga kuma tsofaffi 133, galibinsu ba sa iya tashi daga gado sai an ɗaga su.

Ɗaki bayan ɗaki, abin da suka gani ɗaya ne. Tsofaffi kwance cikin fitsari da bayan gida, kunzugunsu ya daɗe ba a sauya ba. Leɓɓa sun bushe sun tsattsage. Farantan abinci na ajiye a gefen gado, sun huce, babu hannun da zai kai loma baki. Wata likita daga cikin jami'an, da ta ga aikin ya fi ƙarfin waɗanda ke wurin, sai ta kira mijinta da 'ya'yanta a waya, suka zo suka shiga raba abinci da ruwa a daren.

Gidan na 'yan kasuwa ne, kuma iyalai na biyan dubban daloli kowane wata domin a kula musu da iyayensu. Jama'a ba su ji labarin ba sai ranar 10 ga Afrilu, lokacin da jaridar Montreal Gazette ta fallasa shi. Washegari Firimiyan lardin Quebec, François Legault, ya fito gaban 'yan jarida ya ce mutum 31 sun rasu a gidan cikin wata guda, ya kuma ambaci mummunan sakaci. Kafin bazarar ta wuce, adadin ya kai 47.

Lokacin da aka zauna binciken musabbabin mace-macen, ƙarƙashin jagorancin lauya Géhane Kamel, shaidu sun yi ta maimaita wata magana mai ɗaci: da yawa daga cikin mamatan ba a taɓa yi musu gwajin korona ba, kuma akwai waɗanda alamu suka nuna ƙishirwa da yunwa ne suka ƙarasa su. Cutar ta fara da korar masu jinya daga gidan, wasu ta kwantar da su, wasu tsoro ya hana su zuwa, wasu kuma aka umarce su da su killace kansu na mako biyu. Tsohon da ba ya iya ɗaukar kofi da hannunsa kuwa, in mai ba shi ruwa ya ɓace, kwanakinsa ƙidayayyu ne ko da ƙwayar cutar ba ta taɓa huhunsa ba.

Gidan da ba asibiti ba

Mai karatu a nan gida zai so a fara da bayanin irin waɗannan gidaje, domin ba su yi kama da gidan gajiyayyu da muka sani ba, inda gwamnati ko masu jinƙai ke tsugunar da waɗanda suka rasa kowa. A Kanada da Amurka da ƙasashen Turai, gidan kula na dogon zama shi ne masauki na ƙarshe ga dattijon da jikinsa ya gaza, ko yana da dukiya ko ba shi da ita. Yawancin mazauna sun haura shekara 80. Mafi yawansu na fama da gigin tsufa, wato cutar da ke cinye tunani har mutum ya manta sunan 'ya'yansa. Ga ciwon zuciya, ga ciwon suga, ga shanyewar ɓarin jiki. Ana yi musu wanka, a sa musu tufafi, a ba su abinci a baki, a juya su a kan gado don kada gyambon kwanciya ya kama su.

Duk wannan aikin hannu ne, jiki da jiki, fuska kusa da fuska. Shawarar da aka yi ta bai wa duniya a 2020, cewa kowa ya ba da tazara, ba ta da mazauni a ɗakin da mace ɗaya za ta tallabo tsohuwa ta zaunar da ita, ta goge mata baki, sannan ta wuce gado na gaba. Haka nan ba a iya killace mai gigin tsufa da baki. Zai tashi ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, ya zauna a gadonsa, ya sha daga kofinsa, kuma in an ɗaura masa takunkumi zai cire.

Sannan jikin tsoho ba ya nuna cuta yadda littafi ya faɗa. Garkuwar jikinsa ta yi sanyi, don haka sau da yawa zazzaɓi ba ya tashi sosai, tari ma ba lallai ya zo da wuri ba. Abin da za a gani shi ne ya daina cin abinci, ko ya faɗi a banɗaki, ko ruɗewarsa ta ƙaru, ko ya cika barci. Ma'aikaciyar da ta san shi shekara da shekaru za ta lura cewa yau ba daidai yake ba. Wadda aka turo daga kamfanin 'yan ƙwadago jiya da dare ba za ta lura ba, domin ba ta san yadda yake shekaranjiya ba.

Waɗannan abubuwa ba korona ce ta zo da su ba. Kowace shekara, in sanyi ya shigo, murar infuluwenza da wata ƙwayar cutar numfashi da ake kira RSV kan ɓarke a irin waɗannan gidaje, su kwashe wasu, a rufe ɓangaren da abin ya shafa na 'yan makonni, a raba maganin oseltamivir ga waɗanda suka kamu da mura da waɗanda ke kusa da su, sannan a ci gaba. An saba da abin har ya daina zama labari. Kanada ma ta taɓa shan gargaɗi: a 2003 cutar SARS ta kashe mutum 44 a yankin Toronto, kuma alƙali Archie Campbell da ya binciki lamarin ya bar wasiyya cewa idan sabuwar cuta ta zo, a ɗauki matakin kariya tun kafin kimiyya ta gama tabbatar da yadda take yaɗuwa. Shekara 17 bayan nan, an karanta wasiyyar a asibitoci, an manta da gidajen tsofaffi.

An tsare ƙofar gaba, an bar ta baya

A watan Maris na 2020 idon kowace gwamnati yana kan Italiya, inda asibitoci suka cika har ana zaɓen wanda za a sa wa na'urar numfashi. Don haka Quebec ta shiga kwashe marasa lafiya daga asibitoci domin samar da dubban gadaje, wasu daga cikinsu aka mayar da su gidajen tsofaffi. Takunkumi da safar hannu da rigunan kariya, waɗanda dama sun yi ƙaranci, aka fifita asibitoci da su. An shirya wa yaƙi a fagen da ake tsammani, sai abokin gaba ya ɓullo ta wani wajen.

Alamun kuwa sun riga sun bayyana. Tun a ƙarshen Fabrairu cutar ta ɓarke a wani gida mai suna Life Care Center da ke Kirkland, a jihar Washington ta Amurka, inda binciken hukumomin lafiya ya ƙirga mutum 167 da suka kamu: mazauna 101, ma'aikata 50, masu ziyara 16. Binciken ya nuna cewa ma'aikatan da ke aiki a gida fiye da ɗaya sun taimaka wajen kai cutar wasu gidajen. A wani gidan na daban a wannan yanki, da aka yi wa mazauna gwaji, fiye da rabin waɗanda aka samu da cutar ba su da wata alama a ranar gwajin. Ma'anar wannan a fili take: auna zafin goshi a bakin ƙofa ba zai tare ta ba. Mutum na farko da cutar ta kashe a Kanada ma, ranar 8 ga Maris, dattijo ne a gidan kula na Lynn Valley da ke lardin British Columbia.

Ranar 14 ga Maris Quebec ta haramta ziyara a gidajen tsofaffi baki ɗaya. A takarda matakin yana da ma'ana, tunda baƙo na iya shigowa da cuta. Sai dai waɗanda suka yanke hukuncin ba su lissafa wani abu ba: 'ya'ya da mata da mazajen da ke zuwa kullum ba gaisuwa kawai ke kawo su ba. Su ne ke zama minti arba'in suna lallashin uwa ta ci cokali goma. Su ne ke cika kofin ruwa, su lura da ƙurjin da ya fito a baya, su tsaya a kan ma'aikata har sai an sauya zanen gado. Shekaru da dama gidajen na tafiya ne a kan wannan aikin kyauta ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Da aka rufe ƙofa, aka rasa hannayensu, aka kuma rasa idanunsu. Abin da ya faru a Herron ya ɗauki kwanaki yana faruwa babu wani ɗan uwa da ya gani.

Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce ta ma'aikata, kuma a nan ne labarin yake. Masu jinyar tsofaffi, waɗanda galibinsu mata ne, kuma da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani, suna daga cikin mafi ƙarancin albashi a harkar lafiya. A wancan lokacin, a gidajen 'yan kasuwa na Quebec abin da ake biyansu a awa kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na lardin. Gidaje da yawa ba sa ɗaukar ma'aikaci cikakke, don gudun biyan haƙƙoƙin hutu da na rashin lafiya. Saboda haka mace za ta yi safe a wannan gida, ta yi dare a wancan, ta cike ƙarshen mako a na uku, kafin kuɗin haya ya haɗu. In ta tashi da ciwon maƙogwaro, zaɓi biyu ne a gabanta: ta zauna a gida ta rasa kuɗin ranar, ko ta daure ta tafi. Ba sai an tambayi wanda ta fi zaɓa ba. Ta haka ƙwayar cutar ta samu abin hawa daga gida zuwa gida, a cikin motar haya da jirgin ƙasa, a jikin mutanen da suka fi kowa ƙoƙarin ceton tsofaffin.

Legault da kansa ya amsa a watan Afrilu cewa ya yi kuskure da bai ƙara wa waɗannan ma'aikata albashi tun da wuri ba. Ya roƙi likitoci ƙwararru su je su yi aikin jinya, ya roƙi gwamnatin tarayya ta turo sojoji, aka turo fiye da dubu. Zuwa watan Yuni ya buɗe shirin horar da sababbin masu jinya 10,000 cikin wata uku, ana biyansu tun suna koyo, da alƙawarin dala 26 a awa in sun kammala. Kuɗin da aka ce babu shekara da shekaru, ya samu cikin makonni. A zangon farko na annobar kaɗai, kusan mutum 4,000 suka rasu a gidajen kula na dogon zama na lardin.

Gado huɗu, labule ɗaya

A Ontario, lardin da ke maƙwabtaka, sojojin da aka tura gidaje biyar sun rubuta rahoton da Firimiya Doug Ford ya fitar ranar 26 ga Mayu, 2020. Sojoji ne da aka horar don fagen fama, amma abin da suka gani ya girgiza su: kyankyasai da ƙudaje, ruɓaɓɓen abinci, tsofaffi na kiran taimako na tsawon lokaci babu mai amsawa, ana ɗura wa wasu abinci har suna shaƙewa, masu cutar na yawo cikin waɗanda ba su kamu ba, ma'aikata na tsoron taɓa kayan aiki saboda an ce musu suna da tsada.

Amma darasi mafi amfani daga Ontario yana cikin ginin kansa. Gidaje da yawa an gina su ne bisa ƙa'idar 1972, wadda ta yarda a kwantar da mutum huɗu a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakanin gado da gado. A garin Bobcaygeon, wani ƙaramin gida mai gado 65 da ake kira Pinecrest ya rasa mazauna 28 cikin 'yan makonni, domin babu ɗakin da za a ware mara lafiya. Wani bincike da aka wallafa a ƙarshen 2020 ya gano cewa mazaunin gida mai cunkoso ya ninka na gida mai sarari haɗarin kamuwa da na mutuwa, kuma da a ce an mayar da ɗakunan mutum huɗu na mutum biyu, da an kauce wa kamuwar kusan mutum 1,000 da mutuwar fiye da 260.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake an daɗe ana jayayya a kansa. A watannin farko an fi ba da ƙarfi ga wanke hannu da goge tebur da marikin ƙofa. Sai a Yulin 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa cutar na yawo a cikin iska, kuma sai a 2021 hukumar ta amince da haka ƙarara. Ƙananan ɗigon da ke fita daga numfashin mai cutar kan rataye a iskar ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta, su taru in taga a rufe take. Labule ba ya tare hayaƙi. Tsoho huɗu da ke kwana a rufaffen ɗaki cikin sanyin Kanada, numfashi ɗaya suke musaya har gari ya waye.

Kwatanci tsakanin larduna biyu ya isa hujja. British Columbia, inda cutar ta fara kisa, ta hanzarta hana ma'aikaci aiki a gida fiye da ɗaya, ta kuma daidaita albashi don kada hanin ya jefa kowa cikin yunwa. Ɗakunan haɗaka ma ba su da yawa a can. Ontario ba ta aiwatar da irin wannan hani ba sai 22 ga Afrilu. Zuwa Satumban 2020 Ontario ta rasa mazauna fiye da 1,800, British Columbia kuwa ba ta kai 160 ba, alhali yawan jama'ar Ontario bai wuce ninki uku na nata ba. Ƙwayar cuta ɗaya ce, ƙasa ɗaya, wata ɗaya.

A jimlace, cibiyar tattara bayanan lafiya ta Kanada ta bayyana cewa zuwa ƙarshen Mayun 2020, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda korona ta kashe a ƙasar mazauna gidajen tsofaffi ne, kusan ninki biyu na matsakaicin abin da aka gani a sauran ƙasashe masu arziki.

Ba Kanada kaɗai ba ce. A Sifaniya ministar tsaro Margarita Robles ta sanar a Maris 2020 cewa sojoji sun tarar da tsofaffi an yi watsi da su, wasu gawa a kan gado. A yankin Madrid mutum 7,291 suka rasu a gidajen kula cikin Maris da Afrilu ba tare da an kai su asibiti ba. A Ingila an sallami kimanin marasa lafiya 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen tsofaffi tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilu, lokacin da gwaji bai zama wajibi ba, kuma a Afrilun 2022 Babbar Kotu ta ce manufar ta saɓa wa doka saboda ba ta yi la'akari da masu ɗauke da cutar ba tare da alama ba. A Suwidin sarki da kansa ya fito a Disamban 2020 ya ce ƙasar ta gaza.

Hannun da ke riƙe da kofin

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye. Tun daga 2017 dubban masu neman mafaka suka riƙa tsallakawa daga Amurka zuwa Quebec ta wata 'yar hanya da ake kira Roxham. Da farko 'yan Haiti ne suka fi yawa, a 2018 kuma 'yan Nijeriya suka shiga gaba. Yayin da suke jiran hukuncin takardunsu, aikin da ya fi sauƙin samu shi ne jinyar tsofaffi, sau da yawa ta hannun kamfanonin da ke tura ma'aikaci duk inda aka samu giɓi. Da annoba ta zo, su aka riƙa turawa gidajen da suka fi ƙamari. Unguwar Montréal-Nord, inda da yawa daga irin waɗannan ma'aikata ke zaune a cunkushe, ta zama cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a birnin.

Firimiya ya yi ta kiran ma'aikatan lafiya mala'ikun tsaro a jawabansa na kullum. Masu fafutuka suka tambaye shi: mala'ikan da ba shi da takardar zama fa? A watan Agustan 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da shiri na musamman na bai wa masu neman mafakar da suka yi jinya a lokacin annobar izinin zama na dindindin. An taƙaita shi ga waɗanda suka taɓa marasa lafiya da hannunsu. Masu shara da masu gadi, waɗanda suka shaƙi iska ɗaya a gini ɗaya, aka bar su a waje.

Birtaniya ma ta bi wannan hanya ta wata fuskar. Bayan annoba ta bar gidajenta babu ma'aikata, a Fabrairun 2022 ta buɗe bizar masu jinyar tsofaffi ga 'yan ƙasashen waje, kuma Nijeriya ta kasance cikin ƙasashen da suka fi tura mutane, tare da Indiya da Zimbabuwe. A Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Duk wanda ke da ƙanwa ko ɗiya da ta tafi wannan aiki, ya sani cewa idan sanyi ya shigo mura ta ɓarke a gidan da take, ita ce a sahun gaba. Yana da kyau a tambaye ta ko an yi mata rigakafin mura na bana, ko ana biyanta in ta kwanta ciwo, da gida nawa take zagayawa a mako.

Bayan allura

Ranar 14 ga Disamba, 2020 aka fara rigakafin korona a Kanada, kuma a wannan karon an fara da inda ya dace: wata dattijuwa a gidan kula a birnin Quebec, da wata mai jinya a Toronto. Cikin 'yan watanni mace-mace a gidajen suka faɗi warwas. A Mayun 2023 Amurka ta amince da rigakafin RSV na farko ga masu shekara 60 zuwa sama, bayan an shafe shekaru masu yawa ana nema, kuma Ontario ta fara bayar da shi kyauta ga mazauna gidajen kula a kakar wannan shekarar. Lardin ya kuma kafa dokar da ta sa burin awa huɗu na kulawa kai tsaye ga kowane mazauni a rana.

Duk da haka ɓarkewar ba ta ƙare ba. Yanzu kowane lokacin sanyi cututtuka uku ne ke zagayawa tare, mura da korona da RSV, kuma alamunsu sun yi kama ta yadda sai gwaji ke raba su. Rabewar na da muhimmanci, domin maganin mura ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko, kuma ba ya taɓa sauran biyun. Allura na rage tsanani, amma ƙarfinta na raguwa da sauri a jikin tsoho, sai an riƙa sabuntawa. Ba ta kuma gina ɗaki, ba ta ɗaukar ma'aikaci. A ganina wannan ne wurin da gwamnatoci suka fi son a manta, domin sayen allura ya fi sauƙi a kan rushe tsohon gini ko biyan mai jinya albashin da zai ishe ta a gida ɗaya.

Mu a nan, inda tsoho ke tsufa a ɗakinsa cikin 'ya'ya da jikoki, yana da sauƙi mu karanta wannan mu ce Allah Ya raba mu da al'adar kai iyaye gidan haya. Akwai gaskiya a ciki, tunda abin da ya kashe mutanen Herron, wato rashin mai miƙa ruwa, da wuya ya samu dattijon da ke tsakar gidansa. Amma kada mu manta da Kano. A watan Afrilun 2020, daidai lokacin da ake kwashe gawarwaki a Dorval, masu haƙa kabari a Kano suka fara ƙorafin cewa aiki ya fi ƙarfinsu, kuma galibin waɗanda ake kawowa dattawa ne, cikinsu har da malaman jami'a da sarakuna da manyan ma'aikata. Da farko hukumomin jihar sun danganta abin da wasu cututtuka. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an binciki mutuwar mutum 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadi. Da yawa sun rasu a gida, a lokacin da asibitoci masu zaman kansu suka rufe ƙofa, masu ciwon suga da hawan jini suka rasa inda za su.

Ɗakin kaka a gidanmu ma yana da nasa haɗarin. Shi ne ɗakin da jikoki ke kwana, su dawo daga makaranta da majina su faɗa jikinta. Shi ne ɗakin da ake toshe tagoginsa da hunturu, a kunna gawayi. In ta kwanta ciwo, 'yan dubiya za su cika shi maƙil, kowa ya matso ya yi mata sannu. Ba wanda zai ce a daina zumunci. Amma mai mura zai iya jinkirta dubiyarsa kwana biyu, ana iya buɗe taga da rana, kuma tsohuwar da ta daina cin abinci ta fara sambatu ba lallai tsufa ne kawai ba, tana iya zama ciwon huhu ne da bai zo da zazzaɓi ba. Birane kuma na sauyawa. 'Ya'ya na Abuja da Legas da ƙasashen waje, gidajen kula na kuɗi sun fara buɗewa a manyan garuruwa, kuma an yi dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa. Tambayoyin da Kanada ta amsa da gawarwaki, mutum nawa a ɗaki, ma'aikaci nawa a dare, wa ke shiga ya duba, har yanzu muna da damar yin su tun gine-ginen ba su yi yawa ba.

Shi kuwa gidan Herron, an rufe shi. Masu shi sun amince su biya iyalan mazauna diyyar dala miliyan 5.5 na Kanada. A Agustan 2021 masu gabatar da ƙara suka ce hujjojin da ke hannunsu ba su kai a gurfanar da kowa a kotun laifi ba. Rahoton Géhane Kamel ya fito a Mayun 2022, ya raba alhakin tsakanin masu gidan da hukumar lafiya ta yankin da ma'aikatar lafiya ta lardin. Ya nuna cewa ko bayan ranar 29 ga Maris, da hukuma ta karɓi ragamar gidan, an ɗauki kwanaki ana ja-in-ja a kan wa ke da iko da jadawalin ma'aikata da takardun marasa lafiya, kuma a cikin waɗannan kwanaki tsofaffin sun ci gaba da mutuwa a ɗakunansu.